Likita ya tafi, fayil ya ɓace, Dada ta yi wata 3 tana tari

Maman Hanan: Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko akwai wanda ya taɓa shiga irinsa. Ba zan kama sunan asibitin ba, ba tonon asiri na zo yi ba.

Mahaifiyarmu Dada tana da hawan jini, shekara 7 ke nan. Tun farko wani ƙaramin asibitin kuɗi muke kai ta a nan cikin Gombe, saboda keke ɗaya ne daga gida, kuma ba ta da ƙarfin bin layin babban asibiti. Likitan da muka samu a wurin ya san ta kamar yunwar cikinsa. Da Fulatanci yake gaishe ta. Ya san azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta, sai ya mayar mata da shan magani da dare. Ya san in ta ce "da sauƙi" to a sake tambaya. Bara ya samu aiki a Saudiyya ya tafi. Ba mu riƙe shi da komai ba, kowa abincinsa yake nema.

Tun da ya tafi mun je sau 5, mun ga likita 4. A zuwa na biyu aka ce an nemi fayil ɗinta sama da ƙasa ba a gani ba, sai dai a buɗe sabo. Aka buɗe, muka sake biyan kuɗin kati. Ranar ƙanena ne ya raka ta, ni ina wurin aiki. Likita ya tambaye shi wane magani take sha, ya ce wani ɗan fari ƙarami. Aka auna, jini ya hau, 160/100, aka rubuta mata sabon magani.

Ba a rufa mako 3 ba sai ga tari. Busasshe, ba majina, ba zazzaɓi, kamar ana sosa mata maƙogwaro da tsinke, da dare ya fi tsanani. Muka koma, wani likitan daban, ya ce ƙurar hunturu ce, ya ba da maganin tari na ruwa. Muka sake komawa, wani kuma, ya ba da kafso na kwana 7. Na ƙarshe ya ce a je a yi gwajin kaki da hoton ƙirji ko tibi ne. Tsohuwa fa, a ambata mata tibi. Ta ware kofinta da kwanonta, ta hana jikoki hawa gadonta, tana kuka a ɓoye. Sakamako ya fito, ba komai.

Ranar Laraba na je sayo mata magani, yarinyar da ke sayar da maganin, wadda ta karanci haɗa magunguna, ta ji ina waya ina maganar tarin. Ta sake duba takardar ta ce, Anti wannan lisinopril ne, yana sa wasu mutane irin tarin da kike faɗa, ku koma wa likita. Da na dawo na faɗa wa Dada sai cewa ta yi ai a farkon ciwon an taɓa ba ta wani magani ya sa ta wannan tarin, likitanta na da ya canza mata, ya ce bai karɓe ta ba. Na ce Dada me ya hana ki faɗa? Ta ce ba wanda ya tambaye ta.

To jama'a laifin wa? Kuma ku masu tsofaffi a gida ya kuke yi?

Ummu Sadiq: Innalillahi. Allah ya ƙara wa Dada lafiya, ya sa kaffara ne. Wurin ware kofin nan ne ya sa ni hawaye wallahi.

Baban Yusra: Laifin asibitin ne, ba wani kwana-kwana. Kuɗin kati da kuka biya na ajiye fayil ne. Ni abin da ke ƙona mini rai da irin asibitocin nan, allon bakin ƙofa ya ce awa 24, amma ka je ƙarfe 10 na safe a ce likita sai bayan la'asar, don yana can wurin aikinsa na gwamnati, sai ya tashi zai leƙo. Watan jiya na kai Yusra wani irinsu jikinta zafi rau, muka zauna a benci tun hantsi. Nas ta ce in yarda a ɗaura mata ruwa kafin likita ya zo. Na ce ruwan me, yarinyar da ke shan kununta da hannunta? Da ya iso bai yi minti 4 da mu ba. Yana tambaya yana rubutu, ko ɗago kai bai yi ba. Na fito da takarda a hannu ban san me ke damun 'yata ba.

Sani Mai Keke: Hajiya ki faɗi sunan wurin mana mu kiyaye. Ni kullum cikin kai marasa lafiya nake.

Mai Zaure: Malam Sani a yi haƙuri, dokar zauren nan ba a kama sunan asibiti ko ma'aikaci. Wanda ya sa suna zan goge. A ci gaba da magana a kan matsalar.

Dokta B.: Adda, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Dada lafiya. Ni ina cikin mutanen da Baban Yusra ke magana a kansu, da safe ina aikin gwamnati, da yamma nakan zauna a wani asibitin kuɗi kwana biyu a mako, don haka ba zan ɓoye a bayan kowa ba.

Yarinyar nan ta yi gaskiya. Lisinopril da 'yan uwansa irin su enalapril da captopril sukan sa busasshen tari, ya fi kama mata, kuma ba maganin tarin da ke kashe shi sai an canza ƙwayar. In an canza yakan lafa cikin mako 1 zuwa 4, wani lokaci ya ɗan fi haka. Amma ina roƙon duk mai karanta wannan, kada ka ji haka ka ajiye maganin hawan jininka da kanka. Tari yana da magani, shanyewar ɓarin jiki kuwa sai dai addu'a da gashi. A koma a canza, akwai losartan, akwai amlodipine, ko da yake shi ma amlodipine yakan kumbura wa wasu ƙafa.

Wanda ya tura ta gwajin tibi bai yi laifi ba, ƙa'ida ce duk tarin da ya kai mako 2 a gwada, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Kuskuren da aka yi su uku shi ne rashin tambayar wane magani take sha kafin tarin ya fara. Wannan tambaya ce ta ɗan aji huɗu a makarantar likita. Ban wanke su ba.

Sai dai ku shigo ɗakin ku tsaya a inda muke. Na tashi daga wurin da na ga mutum sama da 50 tun safe. Na zo na tarar da fayil mai shafi ɗaya, an buɗe shi watan jiya. Ga tsohuwa na ce ya jiki, ta ce da sauƙi. Ga ɗan rakiya yana danna waya, na ce wane magani take sha, ya ce fari ƙarami. Rabin magungunan duniya farare ne ƙanana. Ni ba boka ba ne.

Baban Yusra: Dokta ka burge ni da ka amsa laifi, amma mutum 50 ɗin nan ba mu muka ɗora maka ba. In ka gaji ka tafi gida ka kwanta, kada ka zo ka karɓi kuɗinmu da ragowar ƙarfi.

Dokta B.: In na tafi gida na kwanta, Malam, kujerar nan ba wani likitan zai hau ba, nas ce za ta rubuta maka magani. Cikin waɗanda muka gama tare, waɗanda suke Saudiyya da Ingila sun kusa kai waɗanda suka rage.

Baffa Mai Kemis: Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekarata 19 a shago, bari in gaya muku abin da nake gani. Mutum zai je asibiti a rubuta masa magani na wata guda, ya zo ya ce in ba shi na kwana 5, sauran sai an yi albashi. In ya sha ya ji kansa ya daina sarawa, shi ke nan ya warke, sai bayan wata 4 in ya fara ganin jiri. Sannan ba asibitin farko zai koma ba, don kunyar likita zai yi masa faɗa, sai ya tafi wani ya yanki sabon kati ya ce yau ne farkon abin. Akwai wanda na sani yana da kati a asibiti 4, ga maganin gargajiya a jarka a ƙarƙashin gado wanda ba zai taɓa faɗa wa likita ba. Wa zai haɗa wannan tarihin?

Kuma mutanenmu suna yar da kwali. Da an saya a ɓalle ƙwayoyin a juye a leda ko a gwangwanin mentoleta. Sunan maganin yana jikin kwalin da kuka yar.

Maman Hanan: Baffa wannan ba mu ba ne kam. Shekara 7 wuri ɗaya muke zuwa, ba mu taɓa tsallake ranar komawa ba. Mu muka riƙe amana, su suka yar da takarda. Maganar kwali dai na karɓa, haka Dada take yi, a wani ɗan kwanon sha take juyewa.

Goggo Nas: 'Ya'yana ku bari tsohuwa ta sa baki. Na fara aikin jinya tun Gombe tana ƙarƙashin Bauchi, kafin a yanke mana jiha a 1996, na yi ritaya na bar wasunku suna firamare. Zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka tura mu ƙauyuka da ruwan gishiri da suga da allurar rigakafi. Abin da aka fi dasa mana a kai lokacin shi ne katin yaro. Uwa ke riƙe shi, ba asibiti ba. Ranar haihuwa, allurar mako 6, ta mako 10, ta mako 14, ta wata 9, nauyin yaro, duk a jiki. Haka katin awo, mai ciki ke tafiya da abinta.

Na rantse muku a shekarun da na yi, fayil ɗin da ya ɓace a ɗakin kati ba zan iya ƙirgawa ba. Gara ta ci, rufi ya yi yoyo ya jiƙa, an aike shi ɗakin gwaji bai dawo ba, an cusa shi a lambar wani. Amma katin da ke hannun mace da wuya ya ɓace. Za ta naɗe shi a leda ta sa a ƙasan adaka tare da takardar sadakinta. Na ga matar da ta zo daga rugar da ke bayan Dukku da katin yaro ya yi baƙi da hayaƙi, amma kowane layi ana karantawa. To me ya sa aka amince wa mace da katin jariri, ba a amince mata da na hawan jininta ba?

Sannan akwai abin da ba a faɗa ba, maganar suna. Je ki ɗakin kati ki ce Aisha Muhammad, a ɗebo miki guda 30. Tsohuwa ta zo, a ce sunan miji, ba za ta faɗa ba, kunya, ko da ya rasu shekara 20. Sai ɗan rakiya ya ba da nasa sunan. Zuwa na gaba wata 'yar ce ta rako ta, ta ba da sunan mahaifin tsohuwar. Na gaba a rubuta Hajiya Dada kawai. Shekaru kuwa yau 60, wata mai zuwa 72. Mace ɗaya ta zama mutum uku a ɗakin kati. Maman Hanan, kafin ki ce ya ɓace, tambayi ƙanenki da wane suna ya nema, kuma ina ɗan ƙaramin katin mai lamba da aka ba ku tun farko.

Ni dai tun da na bar aiki, duk tsohon da ke gidanmu yana da littafi mai shafi 40 irin na 'yan makaranta. Shafin farko suna, ciwo, da maganin da bai karɓe shi ba da jan biro. Duk zuwa a rubuta kwanan wata, awon jini, sunan magani da ƙarfinsa. In likita ya gama sai in miƙa masa in ce ɗana rubuta mini a nan da manyan baƙaƙe. Ba wanda ya taɓa ƙi.

Dokta B.: Goggo Allah ya ƙara girma. Da kowa zai shigo mini da littafin nan da na yi sadaka.

Baban Yusra: Wato mu biya kuɗin kati, mu kuma sayi littafi mu yi musu aikinsu. Goggo ba raini ba, amma haka ake lalata ma'aikata a ƙasar nan. Ba wuta ka sayi janareta, ba ruwa ka haƙa rijiya, yanzu kuma ba fayil ka sayi littafi.

Goggo Nas: Ɗana gaskiyarka, amma kafin a gyara ɗakin kati uwar wani tana tari. Ka yi faɗanka, ka kuma riƙe littafinka.

Buba Manomi: Ni ina karanta ku ina dariya, mutanen birni. Kuna kukan kun ga likita 4. Mu a garinmu, can ƙasar Nafada, in ka ga likita to ka yi tafiya, kuma jikin ya yi tsanani. Wanda muke kira likita a sha-ka-tafinmu jami'in lafiyar al'umma ne, a Kaltungo ya yi karatu, shekararsa 11 tare da mu. Ba ya buƙatar fayil. Ya san wane ne mai suga, ya san matar da ta yi jijjiga a haihuwar fari, ya san yaron da bai ƙarasa rigakafi ba, har gida yake bi. In maciji ya sari mutum a gona shi zai hana a tsaga wurin ko a ɗaure, ya ce a nufi Kaltungo da shi, can asibitin saran maciji yake. Da dare ƙofar gidansa ake bugawa.

Abin da ba shi da shi kayan aiki. Ya san ciwonka sarai, sai ya rubuta ya ce ka je gari ka saya. Kuɗin mashin zuwa da dawowa wani lokaci ya fi kuɗin maganin. Ku kuna da magani ba wanda ya san ku, mu an san mu ba magani. In ana musaya ni dai ban san wanda zan ɗauka ba.

Ummu Sadiq: Hamma Buba ranar da aka yi masa canjin wurin aiki fa? Duk abin da ya sani a kansa yake, da shi zai tafi. Irin na Dada ke nan.

Buba Manomi: Kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. An taɓa yunƙurin ɗauke shi, dattawa da kwamitin lafiya na gunduma suka yi ta sintiri a sakatariya har aka bar shi. Amma ritaya ba ta jin roƙo.

Malam Ticha: Ni ma'aikacin jiha ne, ina cikin GoHealth, wato inshorar lafiya ta jihar Gombe, ana cire wani abu a albashi duk wata. Abin da tsarin ya yi mini shi ne ya ɗaure ni wuri ɗaya. Za ka zaɓi asibiti guda, can fayil ɗinka yake da na iyalinka, in abin ya fi ƙarfinsu su ba ka takardar turawa zuwa babba. Da ina cikin masu yawon da Baffa ya faɗa, yanzu dole ta sa na zauna, kuma na ga amfanin hakan a ciwon sugana. Ba kullum nake samun mutum ɗaya ba, amma ko wa na tarar yana buɗewa ya ga awon watan jiya. Jihar nan gunduma 114 gare ta, kuma an bi an gyara cibiyar lafiya ɗaya a kowace gunduma. Ga asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, wanda ake ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Mutane da yawa suna tsallake ta unguwarsu su tafi ta kuɗi don ganin fenti da fanka. Ga mai hawan jinin da ya daidaita, awo ne da karɓar magani, ta kusa da gida ta isa.

Inda nake da ƙorafi shi ne takardar turawa hanya ɗaya take bi. An tura ni babban asibiti ganin likitan ido, aka duba ni, aka sallame ni, ba wanda ya rubuto wa waɗanda suka tura ni ko layi ɗaya. Da na koma ni na zama mai ba da rahoto, ni da na karanta Hausa da tarihi.

Adda Mairo: Duk kun yi maganar takarda, ba wanda ya yi maganar ƙofa. Ni abin da ya raba ni da wani asibiti ke nan. Ɗakin likita labule ne kawai, masu jira suna zaune dab da shi, har da maƙwabcinmu. Likita namiji, ga wani yaro ɗan koyo a tsaye, ga mai shara ta shigo ɗaukar bokiti. A haka ake so in faɗi abin da ya kawo ni, alhali matsalar ta mata ce. Na ce ciwon kai. Aka ba ni maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot na dawo gida da abina. Sai da na yi wata 2 kafin na samu wata ungozoma na faɗa mata.

Kuma ku duba su Dada. Tsohuwar da Hausarta ba ta nuna ba, ɗanta namiji ne ke mata tafinta. Akwai abin da Bafulatana za ta mutu da shi ba ta faɗa a gaban ɗanta ba, balle ɗan fari da ko sunansa ba ta kira. Haka wata daga Billiri ko Talasse da ta fi sakewa da Tangale ko Waja. "Ba wanda ya tambaye ni" ɗin nan da Dada ta ce, ni na fahimce ta. A tarbiyyarsu ba ka fara gaya wa babba abin da bai tambaye ka ba, kuma likita babba ne ko da jikanta ne a haife.

Goggo Nas: Mairo kin gama magana. Mu da in mun ga haka sai mu ce wa ɗan rakiya je ka sayo mata ruwa. Kafin ya dawo an gama.

Lauyan Gobe: Ina aji huɗu ne a karatun shari'a, ku ɗauki maganata da wannan ma'aunin. Dokar 2014 da Malam ya ambata ba kuɗi kaɗai ta yi magana a kai ba. Sashe na 23 ya ce a sanar da mara lafiya halin da yake ciki da hanyoyin magani da haɗarinsu, kuma gwargwadon iko da harshen da yake ji. Sashe na 25 ya ɗora wa shugaban kowace cibiyar lafiya alhakin buɗe wa mara lafiya bayanansa da adana su, bai ware na kuɗi ba. Na 26 sirri ne, wato maganar labulen Adda Mairo. Na 20 ya hana a ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. A 2018 kuma mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya. Don haka in kika ce a nemo fayil, ba alfarma kike roƙo ba.

Sani Mai Keke: Lauya ka je ka karanta wa mai ɗakin kati sashe na 25 ka ga ko ba za ka kwana a benci ba.

Lauyan Gobe: Ba da faɗa ba ai. A rubuce, a kai wa mai asibitin. Ɗan kasuwa ne, ba ya son rasa iyalin da suka yi shekara 7 suna kawo masa kuɗi.

Ummu Sadiq: Ni tambayata ga Dokta. Me ya sa ba kwa ba da lambar waya? Da Maman Hanan tana da lambar wanda ya rubuta maganin, ai saƙo ɗaya ya isa, ba sai an biya kuɗin ganin likita sau 3 ba.

Dokta B.: Na taɓa bayarwa, Hajiya. Ƙarfe 2 na dare aka kira ni a kan yaro ya ƙi cin tuwo. Wani ya ba wa surukinsa, surukin ya turo mini hoton ƙurji a WhatsApp ya ce in rubuta magani, ban taɓa ganinsa ba. In abu ya ɓaci sunana za a kira. Abin da ya dace asibitin ya ajiye waya ɗaya a hannun nas mai aiki, a rubuta lambar a bayan kati. Ta ji, ta duba fayil, ta ce ku zo yanzu ko ku bari sai ranar likitanku. Waya ɗaya da kati, bai kai kuɗin allon bakin ƙofa ba.

Kuma ku riƙa tambaya a wurin yankar kati, wane likita ne yau, wanda na gani wancan karon yaushe yake zama. Yawancinmu ranakunmu sanannu ne. In ba gaggawa ba ce ku daidaita zuwanku da ranarsa.

Baban Yusra: Wannan kam ban taɓa sanin ana iya tambaya ba.

Maman Hanan: Jama'a na dawo, na gode da addu'o'i. Jiya na bi maganar Goggo. Na tambayi ƙanena, ashe da sunan Baffanmu marigayi ya nema, don a zatonsa sunan miji ake sa wa matar aure. Ni kuwa da na buɗe mata tun farko da sunan mahaifinta na buɗe. Ƙaramin katin mai lamba muka zazzage ɗaki muka same shi a cikin jakar carbinta.

Na je da shi yau da safe. Yaron ɗakin katin bai yi minti 5 ba ya fito da fayil, kauri kamar littafin rajistar makaranta, ƙura ce kawai a kai. A bangon ciki, da jan biro, da rubutun likitanta na da, an rubuta sunan maganin an ja layi biyu a ƙasa, da kwanan watan shekarar da ta fara zuwa. Na tsaya ina kallo na rasa wa zan yi wa fushi. Muna da namu, tunda mun zo ba lamba kuma da wani suna. Amma ma'aikatan nan shekara 7 suna ganin fuskarta, nas ɗin da ke auna ta har Dada take ce mata, ba wanda ya ce tsaya, wannan ai tamu ce, a sake dubawa. Sabon kati ya fi sauƙi, kuma da kuɗinsa.

Na nemi ganin mai asibitin, na faɗa masa ba hayaniya. Ya ba da haƙuri, ya sa aka haɗe fayil biyun da zare a gabana. Kuɗin katin dai bai ce zai mayar ba, ni ma ban tambaya ba. Likitan da na tarar ya canza mata magani, ya ce mu dawo bayan mako 2 a sake auna jini. Na ce yaushe kake zama, ya ce Talata da Alhamis da yamma. Na saya mata littafin, ya rubuta a ciki da kansa.

Adda Mairo: Alhamdulillah. Alhamis kuma ba tana azumi ba?

Maman Hanan: Shi ya sa na zaɓi Talata. Kofin nata dai har yanzu ta ƙi mayar da shi cikin na mutane, ta ce sai tarin ya tsaya ta gani da idonta.

Goggo Nas: Ku ƙyale ta da kofinta. Ki dai kwafe lambar katin a shafin farko na littafin, ki kuma ɗauki hotonsa ki tura wa ƙanen naki.